Baƙin Man Kamfani

"Ƙarya kake yi!" Maiwada ya daka wa mai sayar da mashin ɗin tsawa a tsakiyar kasuwar Shinkafi. "Wane kamfani ke zuba baƙin mai sintetik a sabon mashin?"

Saurayin, wanda ya ce sunansa Murtala, ya haɗe rai. "Tsoho, baƙin man da ya zo da shi ne a ciki, mai tsadar nan. In ba ka saye, matsa."

"Na gama-gari ne! Kwance shi mu gani."

"Ka haukace? In zubar da mai ƙasa don ka gani?"

Maiwada ya damƙe kan mashin ya ƙi saki. Ya zage shi tas, ya zagi wanda ya koya masa ciniki. Mutane suka taru suna ba dattijon rashin gaskiya. "Haba Baba, a kan mai kawai?"

Murtala ya ɗaga hannu zai mare shi, sai ya ji an riƙe hannun ta baya. 'Yan sa-kai ne, waɗanda Maiwada ya aika a kira tun farko, suka zagaye shi.

"Kun daɗe," in ji Maiwada. "Zagin ma ya ƙare mani." Ya ɗaga kujerar mashin, ya nuna sunan da aka kankara a ƙarƙashi: Misbahu. Sannan ya juya ga Murtala.

"Sintetik ko gama-gari, oho. Na dai san man kamfani ne, don ɗana Misbahu bai kai ga juyen mai na farko ba kuka tare shi a hanyar Moriki. Ina kuka kai mani shi?"