Waya a Cikin Kwano

Ranar Kirsimeti, ƙarfe biyu na rana, Direba ya sauka daga aiki bayan awa tara a kan kujerar bas. Bayansa ya sage, idanunsa sun yi ja. Ya sake duba adireshin sabon gidan da Nas ta kama haya, ya daɗe tsaye a bakin titi, sannan ya bi ta layin baya. Ya ja hula ta rufe masa goshi ya hau bene. A hawa na uku ya tsallake matakalar da ta tsage ba tare da ya dubi ƙasa ba.

Su huɗu ne, kamar bara da bara waccan. Nas, wadda ta fito daga asibiti da farin takalmin aiki a ƙafa. Tela, wanda ya yi mako uku yana ɗinka wa 'ya'yan wasu kayan biki, shi kuwa ya zo da tsohuwar riga. Dogo mai gadi. Sai Direba. Dokar zaman guda ce: ba a gayyatar wanda iyalinsa ke kusa. Babu wanda ya taɓa tambayar wani dalilin zamansa shi kaɗai, domin kowa na ganin ya riga ya san amsa.

Nas tana kokawa da tagar kicin, hayaƙin suya ya cika ɗaki.

"Ɗaga ta sama kaɗan, sannan ki tura," in ji Direba.

Taga ta buɗe.

"Yaya, ashe har kafinta ka taɓa?"

"Duk gine-ginen nan iri ɗaya ne."

Suka ci shinkafa da kaza a kan teburin da ƙafarsa ɗaya ke kan kwali. Hirar ba ta yi nisa ba. Dogo ya yi gyangyaɗi da cokali a hannu, Tela ya zungure shi ya ce idan haka yake gadi, ɓarayi na sa shi a addu'a. Direba ya ci loma biyar ya ture faranti. Sau biyu ya ce a rage rediyo.

Bayan abinci Nas ta wanke babban kwano, ta goge, ta ajiye a tsakiyar tebur. Haka suke yi kowace shekara. Kowa zai kira gida bi da bi, ya buɗe lasifika, ya saka wayar cikin kwanon don murya ta fito sosai, sauran su gaisa da mutanensa kamar nasu.

Tela ya fara. Uwarsa ta amsa gaisuwar kowa, sannan ta tambaye su ko a duk inda suke mata sun ƙare ne. Matar Dogo ta jera masa yara huɗu, kowanne ya ce barka da Kirsimeti, ƙaramin ya tambayi wane ne ke magana. Baban Nas ya tambaya ko ta je coci. Ta ce ta je. Ba ta je ba. Duk wanda ya gama sai ya ɗauki wayarsa yana kallon kwanon.

Saura Direba.

Shekara uku ke nan da ya fita daga gida da jaka ɗaya, bayan wata magana da ya faɗa wa matarsa wadda ba ta janyuwa. Ya ce zai dawo idan abubuwa sun daidaita. Tun daga ranar bai ji muryar 'yarsa ba. Lambarta na cikin wayarsa. Yakan buɗe ta a tashar ƙarshe, lokacin da fasinjoji suka gama sauka, ya duba, ya rufe. Abin da yake tsoro shi ne ta ga sunansa ta ƙi ɗauka. Muddin bai kira ba, ba ta ƙi shi ba.

"Yau ba zan iya ba. Na gaji."

"Shekarar farko ka ce babu sabis a wajenku," in ji Nas. "Bara ka ce caji ya ƙare. Bana gajiya. Yaya, duk nan wa ya huta?"

"Ki bar ni, don Allah."

"Ba mai barin ka," in ji Dogo, ya miƙa dogon hannu ya zare wayar daga aljihun rigarsa. "Kai ka gaisa da matata sau uku, ni ko tarin taka ban taɓa ji ba."

Direba ya miƙe, ya ɗaga murya karo na farko a yinin, ya ce a ba shi wayarsa. Sai kuma ya koma ya zauna.

Nas ta karɓa tana duba sunaye. Ba su da yawa.

"Uwata. Mahaifiyarka ce?"

"'Yata ce. Sunan uwata ta ci."

"Shekarunta nawa?"

"Sha huɗu. A watan jiya ta cika."

Nas ta danna, ta saka wayar cikin kwano. Ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. Tela ya gyara murya don gaisuwa. Direba ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu. A ƙara ta biyar aka ɗauka.

"Barka da Kirsimeti!" suka ce su uku.

Sai numfashi kawai daga cikin kwanon.

"Uwata," in ji Direba. "Ni ne."

"Na sani, Baba. Muna jin muryarka ta bango. Mama ta ce in tambaye ka, za ka ƙwanƙwasa ne, ko mu ɗauke farantin da muka ajiye maka?"