Abin da Ɗan Karen Yake Gani a Falo

Kwana tara ke nan ɗan karen yana haushi a falo. Maigida, da ya yi ritaya kwanan nan, ya ɗaura ɗamarar gano dalili. Ya janye kujeru, babu ɓera. Ya kira likitan dabbobi, aka ce lafiyarsa ƙalau.

"Gobe zan bayar da shi," in ji Maigida. "Wani mugun abu yake gani a gidan nan."

Matarsa tana guga, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kai yake gani, Baban yara. Shekararsa huɗu tare da mu, bai taɓa ganinka da rana ba." Ta juya rigar. "Ka yi masa uzuri. Mu ma a hankali muke sabawa."