Jitar da Ta Dishe

Kai da kake ta canja kayan aiki kana cewa su ne ba su da albarka, gyara zama ka ji misalin wani makaɗi.

An yi wani mai kaɗa jita, irin ta lantarkin nan da ake jona wa lasifika. Tun yana da baƙin gashi yake bin bukukuwa gari-gari, kuma kullum wurin tsayuwarsa ɗaya ne, gindin babbar lasifika, kafaɗarsa na gogar akwatinta, wai a nan yake jin daɗin hannunsa. Jitar kuwa murya gare ta, wallahi, siririya garau. In ya taɓa ta, tsohuwa ma sai ta jingine sanda ta taso. Ba shi da gona, ba shi da rumfa a kasuwa. Muryar nan ita ce cinsa, ita ce mutuncinsa. Sai ga shi wata shekara ya ji ta fara dishewa. In ya kaɗa, sautin ya zo masa kamar mai magana a cikin bargo, ga wani zuuu da ba ya yankewa, sai ka ce gyare. Ko a gida in ya ji zuuu ɗin, cewa yake ragowar kiɗan jiya ce. Ya canja tsirkiya, a banza. Ya canja wayar lasifika, a banza. Sai ya ce to, ba shakka fikof ne. Fikof kuwa, in ba ka sani ba, ɗan maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, yana kwance ƙarƙashin tsirkiya, shi ke kwasar rawarta ya miƙa wa lasifika.

Ya tafi wajen mai sayar da kayan kiɗa. Shi kuwa ɗan kasuwa, ina ruwansa, ya baje masa haja: ga mai layi ɗaya, ga mai layi biyu da aka ce ba ya ƙugi, ga mai cin batir da ke tsage kunne. Makaɗi ya zaɓi mai layi biyu, ko ya kashe gyaren nan. Ramin jikin jitar ya yi masa kaɗan, aka kira kafinta ya rarake itacen. Tsohon fikof ɗin kuma, don haushi, ya wurga wa 'yan gwangwan, suka fasa suka zare jan ƙarfen. Aka jona, ya kaɗa, jiya i yau. Ya koma ya ɗauko mai batir, aka huda bayan jitar aka yi wa batir gida. Ya sake komawa, aka sake rarakewa, har ya zamana ba inda za ka ɗora yatsa ba ka taɓa tabo ba. Kowane sabo sai ya ji ya fi na baya mutuwa, sai ya murɗe lasifika har ƙarshe, yana laluben tsohuwar muryar nan. Abin da ke isa kunnen jama'a kuwa, wayyo Allah, kamar ana kankare ƙanzo a tukunyar ƙarfe. Mata su taso rawa, su yamutsa fuska su koma kujera, goyo kuma su yi ta tsala kuka.

Kowa ya gane inda cutar take, ban da shi. Matarsa ta gane, don sai ta kira ta kira, sai ta dafa shi sannan ya waigo. Abokan kiɗansa sun gane, amma duk shi ya koya musu sana'ar, Baba suke ce masa. To wane mara kunya ne zai dubi tsabar idon wanda ya koya masa riƙon jita ya ce, Baba, kunnenka ne? Sai suka yi masa kara, kuma karar nan ita ta ƙarasa shi. Suka riƙa rage masa sauti a ɓoye. Da abin ya ishe su, suka riƙa karɓar biki su tafi ba su gaya masa ba. Shi kuwa bawan Allah yana zaune a gida yana cewa hassada ce, bari dai ya samo fikof na gaske su ga aiki.

Ran nan da hantsi ya saɓi jitar ya nufi kasuwa, an ce masa an kawo wani sabo daga Ikko. Hanya ta bi da shi ta layin maƙera, wurin da tun yana yaro sai an toshe kunne ake wucewa. Ya ga guduma na tashi tana sauka kan uwar maƙera, tartsatsi na feshi, amma abin da yake ji dum, dum ne kawai, can nesa. Ya tsaya cak. To ita guduma, wa ya taɓa canja mata fikof? Ya zauna bisa dakali, ya sauke jitar ya ɗora a cinya, ya bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ashe lafiyarta lau, shi ya yi ta yanka ta da hannunsa. Ya ja tsirkiya, ya ji rawarta a cinyarsa, ya ji ta a ƙirjinsa, ban da inda yake so ya ji ta. Dattijo da furfura ya kifa kai ya yi kuka tsakiyar kasuwa, masu wucewa na ce masa sannu, yana ganin bakinsu na motsi. Ko an ba shi sabon kunne, jitar ta tafi. Ko an mai da masa jitar, kunnen ya tafi, kuma duk faɗin kasuwar nan babu rumfar da ake sayar da shi.

Ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce, an bar jaki ana dukan taiki.