Sahu Uku a Bayan Gari

Barira ta rufe shagon turarenta na kasuwar Al Ras, a ƙasar Larabawa, tun kafin la'asar, ta tari tasi zuwa unguwar Al Qusais tana huci. An bugo mata cewa ƙanenta Salmanu ya faɗi jarrabawar ƙarshe, ya kasa danna maɓallin harbi, jibi za a mayar da shi gida.

Ita ta tura shi aikin sojan sama. Shekara huɗu ke nan da bam ya tashi a ƙauyensu ranar rasuwar mahaifinsu, ya kashe mijinta da maza goma sha tara. Aka ce aikin 'yan ta'adda ne. Tun ranar ba ta da wani buri sai ɗan gidansu ya yi musu ruwan wuta. Da aka zaɓo shi cikin waɗanda ƙasashen ƙawance za su horar a nan, har rago ta yanka.

Ta same shi zaune a masaukinsa, ko takalmi bai cire ba.

"Wata tara kana horo, maɓalli ɗaya ya gagare ka? Matsoracin banza! Da me zan kalli mutanen gida?"

"Yaya, zauna."

"Ba zan zauna ba. Maza, faɗa min!"

Ya ce Baturen da ke koyar da su ya sa musu bidiyo na gaske, wanda jirgin yaƙi ya ɗauka a can gida kafin ya yi harbi. Maza sun jeru sahu uku a bayan gari, wani dogon abu a kwance gabansu. Bature ya ce a lura, ba ruku'u, ba sujada, to ba salla ba ce, mayaƙa ne ke karɓar umarni. Haka ma matuƙin ya gani, aka ba shi lambar yabo. Aka ce kowane ɗalibi ya danna maɓallin harbi. Salmanu ya ƙi.

"Sallar gawa ce, Yaya. A tsaye ake yin ta."

"To sai me? Su ba sa mutuwa? Ba sa binne 'yan'uwansu? Tausayin makasan mijina kake ji?"

Sai a lokacin ya ɗago, idanunsa jajur.

"Akwai kwanan wata a ƙasan allon, kuma na gane rijiyarmu. Wanda ke cikin makarar, Baba ne."