Nakiya a Cikin Adaka

Zauna ka ji wani misali. An yi wani maharbi a wani ƙauye na bakin gulbi, a shekarar da dorina ta addabi mutane. Ta tattake shinkafar fadama, ta kifar da jirgin masunta, har mata suka daina zuwa ɗiban ruwa. Maharbin ya harbe ta da bindigarsa ta adaka, harsashi ya maƙale a fata, ta nutse abinta. Ya zama ko kasuwa ya shiga sai ya ji ana ƙus-ƙus a bayansa.

Ran nan ya bi ta inda masu fasa dutse ke aiki, ya ga sun tarwatsa falalen dutse da 'yar nakiyar da ba ta cika tafin hannu ba. Ya roƙi babbansu ya sam masa. Dattijon ya ce, "Malam maharbi, albarushinka ci yake yi da wuta, ƙwaya ta kunna ƙwaya, hayaƙin ya taru ya tura harsashi waje. Nakiya ba ta ci, ba ta turawa. Gaba ɗaya take tashi, kafin ƙarfe ya san abin da ake ciki ta tsaga shi." Maharbi ya ce a ransa ai duk ƙara suke yi, rowa ce kawai. Ya zagaya ya samu a hannun wani leburan wurin.

Da la'asar ya ɗura nakiyar a bindiga, ya laɓe cikin ciyawar gaɓa. Ruwa ya motsa. Kunnuwa suka fito, sai hanci, sai ga dorinar tana hawowa tudu, har yana jin hucinta. Gumi na shiga masa ido, bai share ba. Ya bari ta matso, ya kafa gindin bindiga a kafaɗa, ya ja kunama.

Bai ma ji ƙarar ba. Sai ganin kansa ya yi a rigingine, bindiga ta dare kamar an tsaga kara, hannunsa na hagu babu yatsu biyu. Ga dorina tsaye a kansa, ko ƙwarzane babu. Ya ɗauke numfashi. Ta daɗe tana huci, sannan ta juya ta faɗa shinkafa ta kama ci.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, kama da wane ba wane ba ne.