Karatun Baiwa

"Wayar banza ce za ta ce 'yata ba ta iya karatu ba?" Alhaji Falalu ya buga teburin Malama Juwairiyya a gaban 'yan aji biyu. Daga shagonsa na Kasuwar Artisan ya taho a fusace, ko sallama bai yi ba.

"Alhaji, da kwamfutar hannun nan muke gwada kowane yaro. Baiwa ta ci biyu cikin ashirin."

"Ƙarya ne! Kullum bayan la'asar sai ta karanta mini shafi guda. Ke ce ba ki san aikinki ba. Yau sai na sa an kore ki."

Malama ta miƙa wa Baiwa kwamfutar. "Karanta wa babanki."

Yarinyar ta ƙura ido, ta shiga zubo Turanci babu gargada, har da bin layi da yatsa.

"Kin ji ko?" Alhaji ya daka wa Malama tsawa.

Malama ta juyo masa da fuskar kwamfutar. A kashe take, baƙi ƙirin.

Baiwa ta fashe da kuka. "Baba, a gida ma haka nake yi maka, da ka nake zubowa. Kai ka ce ranar da na kasa sai ka zane ni."