Bayan Wanzami

Sallama ta riski wanzami a zaure ba riga, gwiwa da tafuka a ƙasa, ƙafa ɗaya a miƙe, yana bin zanen takardar da asibiti suka ba shi.

Shekara bakwai wanzamin nan yana kafa wa wani manomin Bakolori ƙaho, yana rantse masa mataccen jini ne ke riƙe baya, motsa jikin asibiti kuwa wasan yara ne.

Ya rarumi taguwa, amma ina, manomin ya shigo, a duƙe, dafe da ƙugu. 

"Wanzam," in ji manomin a hankali, "ashe kai ko tsaga guda babu a bayanka."